Filin na ƙaramar hukuma ne, hanyar kuma ta wa ce?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambayata ga masana doka da masu aiki da ƙaramar hukuma a nan Ingila. A bayan rukunin gidajenmu akwai wani siririn fili na ƙaramar hukuma, ciyawa ce da 'yan itatuwa, an taka shi an taka har hanya ta fito. Ta nan yara ke yankewa zuwa firamare, ta nan muke zuwa tashar bas. In ba ta nan ba sai zagaye ta babban titi, ga motoci ga keken jariri. Yanzu ana raɗe-raɗin za a sayar da gefen filin a gina gidaje. Mun je wurin kansilarmu, ta ce tana goyon bayan a mayar da hanyar ta jama'a a hukumance, amma lauyoyinsu sun ce mata hukuma ba ta iya ƙulla yarjejeniya da kanta. Gaskiya ne, ko dai sallamar mu aka yi cikin ladabi?

Alhaji Babba: Wa alaikumus salam. Hajiya, ni tambayar ce ban gane ba. Filin hukuma ai na jama'a ne. Harajin gidan da ake karɓa a hannunmu duk wata na mene ne? Wace takarda kuma ake nema?

Barista Ummi: Ranka ya daɗe Alhaji, a nan yawancinmu ke zamewa. A dokar Ingila ƙaramar hukuma mai ƙasa ce kamar kowane mai ƙasa. Tana iya katange filinta, tana iya sayarwa in ta cika sharuɗɗa. Kasancewar fili a hannunta bai ba ka haƙƙin ratsa shi ba. Haƙƙin wucewa abu ne dabam da ake ɗora wa ƙasar, kuma da zarar ya tabbata yana bin ƙasar duk inda ta je, ko wa ya saya. Shi ya sa Maman Ilham take da gaskiya da take son a yi shi kafin ciniki.

Maganar lauyoyin kuwa, ba ƙarya suka yi ba, rabin zancen suka faɗa. Sashe na 25 na Dokar Hanyoyi ta 1980 shi ne hanyar da aka saba bi: hukuma ta zauna da mai ƙasa su sa hannu, ya keɓe hanyar ƙafa ga jama'a. Yarjejeniya sai da mutum biyu. In hukumar ita ce mai filin, ita ce kuma mai kula da hanyoyi, babu na biyun. Amma wannan ƙofa ɗaya ce ta rufe, gidan ba ƙofa ɗaya gare shi ba.

Tambaya ta farko, Yaya: garinku hukuma ɗaya ke yin komai, ko kuna da ta gunduma da ta lardi?

Maman Ilham: Ɗaya ce. Ita ke kwashe shara, ita ke gyaran titi, ita ke da makarantu.

Barista Ummi: To shi ya sa. A inda suke hawa biyu, ta gunduma na iya zama mai ƙasa, ta lardi ta zama ɗaya ɓangaren, sashe na 25 ya yi aiki ba gardama. Ku kuma abu biyu suka rage muku.

Na farko sashe na 26 na wannan doka. Hukuma da kanta ta fitar da umarnin ƙirƙiro hanya, in ta gamsu akwai bukata, kuma zai sauƙaƙa wa mazauna wurin ko ya amfani jama'a masu yawa. Sai a buga sanarwa, a ba da aƙalla kwana 28 ga mai ƙorafi. Babu ƙorafi, ta tabbatar da umarnin da kanta. Akwai ƙorafin da ba a janye ba, sai takardu su tafi wurin minista, sufeto ya duba. Yana ɗaukar lokaci, amma daɗinsa shi ne hanyar da aka samar ta haka gyaranta yana kan asusun hukuma kai tsaye.

Na biyu, ta yi abin da kowane mai ƙasa ke iya yi tun fil azal: ta rubuta takardar keɓewa ita kaɗai, ta buga hatimi, ta ce wannan hanya na ba jama'a har abada. Jama'a su karɓa ta hanyar bin ta, shi ke nan. Tun da aka yi dokar 2011 da ta ba ƙananan hukumomi ikon yin duk abin da mutum ke iya yi in doka ba ta hana ba, masu cewa ba su da hurumi hujjarsu ta yi rauni. Sharaɗi ɗaya: kada hanyar ta ci karo da manufar da aka riƙe filin dominta. Ba za a keɓe hanya ta tsakiyar filin wasan makaranta ba.

Ɗalibi a Leeds: Anti Barista, ni a ganina duk wannan dogon zagaye ne. Ai akwai ƙa'idar shekara 20, sashe na 31. In jama'a sun bi hanya shekara 20 ba yankewa, ba da ƙarfi ba, ba a ɓoye ba, ba da izini ba, doka na ɗauka mai ƙasa ya keɓe ta. Su tara tsofaffin unguwa su cike fom, magana ta ƙare. Ba sai an roƙi kowa ba.

Barista Ummi: Ƙanena, ka karanto daidai, amma ka sake duba na ukun da ka lissafa: ba da izini ba. A filin hukuma nan ƙafar ke karyewa. A 2014 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Barkas, kan wani filin wasa a garin Whitby da hukuma ta riƙe a ƙarƙashin dokar gidaje don shaƙatawar mazauna. Mutane sun shekara da shekaru suna amfani da shi, suka nemi a yi masa rajistar dandalin gari. Kotu ta ce a'a, doka ce ta ba ku damar shiga tun farko, saboda haka shekarunku ba sa ƙirguwa. Shari'ar kan dandali ce, ba hanyar ƙafa ba, amma duk lauyan hukuma da ya san aikinsa ita zai ɗauko in filin Maman Ilham na shaƙatawa ne.

Sannan ko ka yi nasara, layin masu neman a shigar da hanya taswirar hanyoyin jama'a ta hukuma a hukumomi da yawa na shekaru ne. Doka ta ce in wata 12 sun wuce ba a yanke ba kana iya kai kuka wurin minista ya ba da wa'adi, amma kafin nan an zuba harsashin gini. Mai ƙasar da ya ce yana so ya ba ka, me zai sa ka kai shi ƙara?

Ɗalibi a Leeds: Ya ce yana so a baki. Kansila ɗaya ba ita ce hukuma ba.

Barista Ummi: Wannan kam ka yi gaskiya. Shi ya sa zan ce su tara shaidun su ajiye. Sanda ce a bayan ƙofa.

Injiniya: Salam. Na yi aiki a sashen hanyoyi na wata ƙaramar hukuma, bari in gaya muku abin da ba a rubutawa a wasiƙa. Maganar yarjejeniya da kai duk wanda ke ofishin ya san maganinta. Abin da ake tsoro biyu ne, kuma duka kuɗi ne.

Ɗaya, gyara. Ranar da hanya ta shiga jerin waɗanda hukuma ke gyarawa, sashe na 41, wanda ya wajabta gyaran, ya hau kan hukumar. Wani ya yi tuntuɓe ya karye, ana iya kai ƙara. Ku nemi shari'ar da aka yi da hukumar Wigan, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2020: wata mata ce ta yi tuntuɓe da saiwar itace a hanyar cikin wani lambun shaƙatawa, kotu ta ce hanyar na cikin waɗanda hukuma ke da alhakin gyarawa. Duk wani jami'in inshora na hukuma ya san wannan shari'a.

Biyu, darajar fili. Filin da hanyar jama'a ta ratsa, mai gini ba zai biya shi kamar wanda babu komai a kansa ba, don sai ya tsara gininsa ya kauce mata, ko ya nemi umarnin karkatar da ita, wanda shi ma ana iya ƙalubalanta. Sashen kadarori an ɗora masa ya samo kuɗi mafi tsoka. Sashen hanyoyi ba ya son ƙarin nauyi. Kansila na son ƙuri'a. Su ukun a gini ɗaya suke amma kowa da inda ya sa gaba.

Abin da za su miƙo muku, ku rubuta ku ajiye, shi ne hanyar izini. Za a zuba tsakuwa, a kafa allo mai kyau, a ce jama'a na iya wucewa da yardar hukuma. Kowa ya yi tafi. Wannan allon kuwa shi ne ke kashe ƙidayar shekara 20 daga ranar da aka kafa shi, kuma ana iya janye yardar duk ranar da aka ga dama.

Maman Ilham: Innalillahi. Wallahi Injiniya kamar kana wurin. Abin da kansilar ta ce ke nan, wai in ɗayan ya gagara za a yi mana wannan, ai duk ɗaya ne.

Injiniya: Ba ɗaya ba ne, Hajiya. Ku gode mata, ku ce a'a.

Baban Khalil: Jama'a ku yi haƙuri, ni zan zama bare a wannan zance. Kowa na maganar mai wucewa, ba wanda ya tuna da wanda hanyar ke bin bayan katangarsa. Gidana haka yake. Da rana yara ne da iyaye mata, lafiya lau. Da dare fa? Matasa da babura, kwalabe a cikin lambuna, kashin karnuka, an taɓa haurowa an ɗauke keken yarona. In hanyar izini ce, ana iya sa ƙofa a kulle da magariba. In ta zama ta jama'a, turawa da kansu suna cewa hanya in ta zama hanya ta zama ke nan har abada. Ku da kuke zuga Maman Ilham, kun tambayi masu gidajen da ke jikin filin?

Alhaji Babba: Malam ya kawo magana. Maƙwabci yana da haƙƙi.

Maman Ilham: Baban Khalil, ban raina damuwarka ba. Gida shida ne ke jikin filin, huɗu sun sa hannu a takardarmu, biyu sun ƙi. Ɗaya daga cikin biyun tsohuwa ce mai zama ita kaɗai, kuma na fahimce ta. Amma rufe hanyar ba zai kori matasan ba, sai dai ya kori mu. Wuri in ƙafa ta ɗauke daga gare shi ai shi ne ke zama maɓoya.

Baban Khalil: Haka masu wucewa ke cewa kullum. Ku zo ku kwana.

Barista Ummi: Malam, har abadan nan ma da sauƙi. Ana iya soke hanya da sashe na 118 in an nuna ba a bukatarta, ana iya karkatar da ita da na 119. Kuma dokar 2014 ta hana ɗabi'un da ke damun jama'a ta ba hukuma ikon sa ƙofa a lungun da ya zama matattarar ɓata-gari, har tsawon shekara uku, ana sabuntawa. Bambancin shi ne duk waɗannan sai an bi matakai an ji ta bakin mutane. Hanyar izini kuwa jami'i ɗaya ke rufe ta da wasiƙa ɗaya. Babura kuma ba su da haƙƙi a hanyar ƙafa ko kaɗan, laifi ne. Ko keke ma ba shi da haƙƙi a hanyar ƙafa, sai a irin su hanyar dawakai, mai alamar kibiya shuɗiya. Ta ƙafa ruwan ɗorawa ce kibiyarta.

Baban Khalil: Doka ta hana, Barista, amma doka ba ta tsayuwa a lungu ƙarfe ɗaya na dare. Ni dai in a unguwarmu ne sai na shigar da ƙorafi a cikin kwana 28 ɗin nan naki.

Injiniya: Kuma haƙƙinka ne. Shi ya sa nake ba Hajiya shawarar ta nemi tsohuwar nan tun yanzu. Fitila, shinge mai ƙaya a jikin katangarta, a matsar da layin hanyar taku kaɗan daga gidajen tunda filin duk na hukuma ne. Ƙorafi ɗaya tak ya isa ya tura umarnin sashe na 26 wurin sufeto. Shayi da biskit a falonta ya fi wannan araha.

Maman 'Yan Biyu: Ni duk abin nan baƙo ne a wurina. A nan Glasgow tun dokar 2003 ta Sikotilan kana iya ratsa yawancin filaye muddin ba ka yi ɓarna ba, ban da harabar gidan mutane da gonar da aka shuka. Ashe ku a kudu sai da layi a taswira.

Ɗalibi a Leeds: Anti, shi ma layin da gumi aka same shi. A 1932 ma'aikata daga Manchesta da kewaye suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan ba izini, aka yi arangama da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar. Dokar 1949 ce ta sa aka fara zana taswirar hanyoyin jama'a a hukumance. Yanzu Ingila da Wales suna da kusan mil 140,000. Ƙungiyar Ramblers, ta masu yawon ƙafa, ta ce masu sa-kai sun gano fiye da mil 49,000 na tsofaffin hanyoyi da ke cikin tsofaffin taswirori amma ba sa cikin ta hukuma.

Alhaji Babba: Ai na ji an ce 2026 za a rufe rajistar hanyoyi a taswirar gaba ɗaya. Ashe Hajiya ta makara?

Barista Ummi: A'a ranka ya daɗe. Wancan wa'adin na hanyoyin da suka wanzu kafin 1949 ne. An ɗaga shi zuwa 2031, sannan a Disamba 2024 gwamnati ta sanar za ta soke shi a Ingila. Bai shafi sabuwar keɓewa ba.

Ɗan Maraɗi: Ina biye da ku tun ɗazu ina murmushi. Wannan ai zancen burtali ne. Kowa a gari ya san inda shanu ke bi tun kakanni, ba wanda ya rubuta. Bana manomi ya ci taku ɗaya, baɗi ya ƙara, wata rana makiyayi ya zo ya tarar da gero. Inda aka auna aka kafa turakun siminti aka sa a takarda, nan ne ya tsira. Hajiya, kada ki yarda da an sani. A auna.

Malam Liman: Ɗan Maraɗi ya taɓo abin da na so in faɗa. Ya tabbata a hadisi cewa in an yi saɓani a kan hanya, a sanya faɗinta zira'i bakwai. Wato faɗi shi ne abin da ake rigima a kai tun da can. Barista, a takardar keɓewar ana rubuta faɗi?

Barista Ummi: Allah ya gafarta Malam, ana rubutawa, kuma nan ne za a iya cutar su Maman Ilham ba su sani ba. In ba a sa ido ba, sai a rubuta mita ɗaya, mai gini ya kafa dogon shinge hagu da dama, hanyar ta koma rami mai duhu irin wanda Baban Khalil ke kuka da shi. Ku nemi aƙalla mita biyu, in an katange ta gefe biyu ku nemi fiye. Ku ce kada a sa matakalar tsallake shinge ko ƙofar da keken guragu da na jarirai ba za su shiga ba, dokar daidaito ta 2010 tana bayanku a nan.

Sauran abu biyu. In ta takardar keɓewa aka bi, ba ta sashe na 26 ba, gyara ba ya hawa kan hukuma da kansa, sai ku sa a faɗi ɓaro-ɓaro wane sashe ne zai riƙa yanke ciyawa da gyaran daɓe. Kuma sa hannu ba shi ne ƙarshe ba. Sai an fitar da umarnin shigar da ita taswirar hukuma a ƙarƙashin sashe na 53 na Dokar Namun Daji da Karkara ta 1981, an ba ta lamba. Taswirar ita ce hujjar da ba a jayayya da ita, ita ce lauyan mai saye zai gani in ya yi bincike. Na ga inda aka sa hannu aka jefa takardar a durowa.

Maman Ilham: To in suka riga mu suka sayar fa?

Barista Ummi: In filin buɗaɗɗen wurin shaƙatawa ne, dokar ƙananan hukumomi ta 1972, sashe na 123, ta wajabta su buga sanarwa a jaridar yankin mako biyu a jere, su kuma duba ƙorafin da aka kawo kafin su sayar. Ba wasa ba ne. A 2023 Kotun Ƙoli ta soke izinin gini a wani fili a Shrewsbury da majalisar garin ta sayar ba tare da wannan sanarwa ba. Matsalar ita ce sanarwar 'yar ƙarama ce a shafin baya na jaridar da ba wanda ke saye. Ku sa mutum ɗaya ya riƙa dubawa duk mako.

Injiniya: Kuma kada ki rubuta wa lauyoyin. Ki nemi jami'in hanyoyin jama'a, kowace hukuma mai kula da hanyoyi tana da mai wannan aiki ko da mutum ɗaya ne a kusurwa. Yawancinsu suna son sabuwar hanya, abin da suke rasa shi ne wanda zai matsa daga waje. Ki tambaye shi a rubuce: da wace manufa aka riƙe filin, wane kwamiti ke da ikon amincewa, kuma akwai wata sanarwa da hukuma ta taɓa ajiyewa cewa ba ta da niyyar keɓe hanya a wurin. Ki sa kansilar a kwafi. Reshen Ramblers na yankinku da Open Spaces Society, ƙungiyar kare filaye da hanyoyin jama'a, su ma sun saba da irin wannan.

Ɗalibi a Leeds: Anti Maman Ilham, in kina so zan duba miki tsofaffin taswirori a laburaren jami'a. In hanyar ta fito a na da, hujja ce ƙari.

Maman Ilham: Allah ya yi albarka, zan turo maka lambar unguwar ta gefe. Barista, in na rubuta wasiƙar za ki duba min turancin? Baban Khalil, ranar Asabar zan je wurin tsohuwar. In ba damuwa ka rubuto min duk abin da ka san zai dame ta, gara in ji daga bakinka kafin in ji daga nata.

Baban Khalil: Zan rubuto, Hajiya, kuma yana da tsawo. Fitila ce ta farko, sai kwandon kashin karnuka da wanda zai riƙa kwashe shi. Amma ban canza ra'ayi ba.

Barista Ummi: Turo wasiƙar bayan isha'i, Yaya. Ki haɗo da hoton filin daga sama, ki ja layi ja a inda ƙafa ke bi, ki sa A a bakin gidajenku, B a bakin titin makaranta.